Kwana takwas a Agege, ina neman inda yara ke wasa

Jikan fari aka yi wa Yaya, kuma tun ranar da aka haihu take kirana tana cewa idan ban zo suna ba kada in sake kiran ta Yaya. Rabona da Legas shekara goma sha ɗaya. Makarantar da nake koyarwa tana hutu, ba ni da uzurin da zan kawo, sai na ɗaura ɗamara. Doguwar motar nan na shiga daga Kano, wadda ake cika ta da mutane a sama, buhuna a ƙasa. Zariya da Kaduna na gan su da idona, Lokoja kuwa cikin barci na ji ana cewa mun haye gada. Sai bayan azahar ta washegari, ranar Laraba, muka shigo Berger da ke bakin Legas, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai jego.

Angon ƙarni da kansa ya zo tarya ta, wato babban ɗan Yaya, wanda na bari yana yaron sakandare. Muka shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, muka sauka, muka hau abin da mu a Kano muke kira Adaidaita Sahu. A nan sunansa keke Marwa, saboda Buba Marwa da ya yi mulkin jihar a zamanin soja daga 1996 zuwa 1999. Muka bi ta ƙarƙashin gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, ni ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Daga nan kunnena ya fara dawowa gida. Mai rake yana Hausa, mai yankan farce yana Hausa, wani yana rantsuwa a waya cewa shanun sun taso tun jiya. A zangon Agege mutum zai iya yini bai nemi wani harshe ba. Goro da titin jirgin ƙasa ne suka zaunar da kakanninmu a nan, layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma har yau unguwar tana da Sarkin Hausawanta.

Gidan su Yaya gidan haya ne, irin wanda 'yan Legas ke kira fes-mi-ai-fes-yu: siririyar hanya a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna hagu da dama, kicin da bayi da rijiya can baya. Alhaji, mijin Yaya, yana riƙe da ɗaki uku. Babu zaure, babu tsakar gida. Da la'asar ta yi sanyi na zauna a bakin ƙofa ina shan kunu, sai aikin malanta ya motsa, na fara ƙirga yara. Goma sha huɗu na samu a gidan nan kaɗai, Hausawa da Yarabawa da 'ya'yan wata Inyamura mai sayar da garin kwaki. Dukansu a cikin wannan siririyar hanya suke, wadda idan na ware hannuwana biyu zan taɓa bangon nan da na can. Sun dunƙule leda sun ɗaure ta da roba ta zama ƙwallo. Ba a yin minti biyu sai wata ta fito da tukunyar ruwan zafi ta daka musu tsawa, su manne da bango, ta wuce, su ci gaba.

Na kira autar Yaya, 'yar shekara takwas, na ce me ya hana ku fita waje ku sake? Ta kalle ni kamar na ce su je su yi wasa a cikin rijiya.

"Kawu, waje ai na mota ne."

Washegari Yaya ta aike ta kai markaɗe, na ce bari in raka ta in ga gari. Tafiyar ba ta kai daga Ƙofar Mata zuwa asibitin Murtala ba, amma ta ishe ni darasi. Layin nasu yana da kwata a kowane gefe, wani wurin an rufe da siminti, wani wurin da katako, wani wurin baki buɗe. Inda aka rufe kuwa an riga an mamaye: teburin mai shayi, injin mai faci, janaretan mai aski, kaskon mai gasa masara. Mai tafiya a ƙasa ba shi da rabo sai kan kwalta, kafaɗa da kafaɗa da abin hawa. Layin kuma ba babban titi ba ne, ƙaramin layi ne na cikin unguwa. Abin da ke faruwa shi ne da zarar babban titi ya cushe, direbobi sai su ɓalle su yanko ta nan. Da sai ɗan gari ne ya san hanyar. Yanzu taswirar waya tana nuna wa kowa, har baƙon da bai san akwai yara a bayan waɗannan ƙofofi ba.

Auta tana gaba da robar markaɗe a ka, ina biye. Ita ce ke jan rigata tana cewa Kawu matso, Kawu tsaya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. A tsakiyar hanya silifas ɗinta ya tsinke, na durƙusa zan maƙala mata, kuma a wannan durƙuson ne na ga layin yadda take ganinsa. Salansar danfo daidai hancina, tana huro baƙin hayaƙi mai ɗumi. Tayar wata babbar mota da aka ajiye ta kusa kai tsawon yarinyar. Motocin da aka jera a gefe sun zama katanga, ba na hango abin da ke tahowa, kuma na tabbata mai tahowar ba ya hango ni. Direban doguwar jif da ke zaune can sama, yaro ɗan shekara huɗu zai iya tsayawa dab da gaban motarsa bai san da shi ba. Ina miƙewa sai ga ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba, madubinsa ya shafi gefen robar, ɗan ruwan tumatir ya zubo mata a hijabi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri Baba, ban gane ta ba," da Hausar Sakkwato tsantsa. Ɗan gida ne. Na haɗiye maganata. Ita kuwa ko a jikinta, ta gyara robarta ta ce mu tafi kada layi ya yi tsawo.

Shekara nawa ina tsayawa gaban allo ina koya wa yara duba hagu, duba dama, sake duba hagu. Ranar na ji kunyar darasin. Mun ɗauki nauyin ƙarfe mai gudu mun ɗora a wuyan ɗan shekara shida, idan aka buge shi kuma mu ce bai duba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa take kiran a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa a duk inda mutane da motoci ke cuɗanya, don wanda aka buge a wannan gudun ya fi samun damar tashi. A layin su Auta cunkoso ne kaɗai ke rage gudu. Da hanya ta ɗan buɗe, kowa sai ya rama lokacin da ya ɓata.

Ranar Juma'a ce ta juya mini tunani. Masallacin unguwar ba ya ɗaukar jama'a, sahu yana fitowa har kan layi. Tun kafin ƙarfe ɗaya samari suka jawo benci biyu suka gicciya a wannan baki, suka ja igiya a wancan. Babu takarda, babu ɗan sanda. Na ga direban danfo Bayarabe ya iso, ya leƙa, ya juya ba tare da ya danna oda ba. Aka shimfiɗa tabarmi da kwalaye a kan kwaltar da jiya na kasa tsayawa a kanta. Da aka sallame, manya suka tsaya gaishe-gaishe da cinikin turare da asuwaki, samarin benci kuma suka shagala. Sai na ga yara suna ɓullowa daga ƙofofi kamar gara bayan ruwan fari. Maza suka cire silifas suka kafa raga, aka fito da ƙwallon gaske da ban san suna da ita ba. Auta ta zaro gawayi daga aljihu, ashe tun safe ta tanade shi, ta durƙusa ta zana gidajen 'yar gala-gala. Ƙawarta Bayarabiya tana kiran wasan suwe, suna gardamar ƙa'ida da harshe uku, amma tsallen iri ɗaya ne. Wani ɗan ƙaramin da ban taɓa jin muryarsa a cikin gida ba yana gudu daga wannan benci zuwa wancan, ba ya bin komai, ba abin da ke bin sa, gudun kawai yake yi yana dariya.

Na duba agogo. Minti ashirin suka samu. Aka janye benci, keke Marwa na farko ya bi ta kan zanen Auta, suka koma ciki.

Da na ba angon ƙarni labari sai ya yi murmushi, ya ce Kawu ai mu mun fi su morewa. A zamanin yarintarsa Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ba mota ba babur daga bakwai zuwa goma na safe, kamar yadda muke yi a Kano. Sai su yi sauri su kwashe kwata, su share ƙofar gida, sauran lokacin kuma babban titi ya zama filin ƙwallo, ana buga zagaye-zagaye, wanda aka ci ya fita. Ya ce a kan kwalta ya koyi ƙwallo, ga tabon a gwiwarsa. Gwamnatin jihar ta soke wannan hana zirga-zirgar a 2016, bayan kotu ta ce ba shi da madogara a doka. Ƙannensa, in ji shi, ranar zaɓe suke jira, ita kuwa sai an shekara huɗu.

Ranar Asabar gida ya cika da mata ana shirin suna, Yaya ta ce in taimaka in kwashe mata yaran nan daga ƙafa. Na ɗauki biyar muka nufi Alausa, inda sakatariyar gwamnati take. Keke, danfo, wani keken, hannuna biyu suna riƙe da huɗu, na biyar yana riƙe da bakin rigata, ina ta salati a kowace tsallaka. Sama da awa muka yi a kan tafiyar da ba ta da wani nisa. Akwai wuraren shaƙatawa biyu kusa da juna a wajen: na Ndubuisi Kanu, mai sunan sojan ruwan da ya taɓa mulkin jihar, da wanda aka buɗe a 2017 da sunayen tsofaffin gwamnoni uku, Johnson da Jakande da Tinubu. Jihar tana da hukuma sukutum ta kula da irin waɗannan wurare tun 2011, kuma gaskiya wurin ya yi kyau: ciyawa shar, inuwa, lilo, wurin zama. Yaran suka yi lilo har suka gaji. Abin da ya fi ɗauke musu hankali kuwa ciyawar ce. Birgima suka dinga yi a kanta, Auta tana tambayata ko an yarda a cire takalmi.

Amma da na lissafa kuɗin mota da na askirim a hanyar dawowa, na ga cefanen kwana biyu ya tafi. Wannan yawon Sallah ne. Wurin wasan da sai an samu babba mai hutu da kuɗin mota da ƙarfin riƙe hannu biyar, sau nawa yaro zai gan shi a shekara? Masana lafiya suna cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla awa guda yana motsa jiki kowace rana. Abin da ake buƙata kullum, kamar tuwo, a kusa ake ajiye shi.

Suna ya kama Lahadi. Tun da asuba aka kafa rumfuna uku a tsakiyar layi, aka jera kujerun roba, aka gaya wa Baba mai gida da shugabannin layin, shi ke nan. Daga walimar safe har bayan isha ba abin hawan da ya ratsa. Aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago a bakin kwata. Ni kuwa, da yake yanzu na zama kaka, mata suka sa ni gaba da tsiya wai in fito da kuɗin cefanen amarya, na ce ai namiji aka haifa, kishiya aka yi mini. Da yamma na tara yaran na tambaye su wa ya iya langa. Shiru. Goma sha biyu 'ya'yan Hausawa, babu wanda ya taɓa jin sunan. Na naɗe ƙafar wando, na kama babban yatsan ƙafata ta baya, na nuna musu yadda ake tsalle da ture abokin gaba, na raba su gida biyu, na fitar da ruwa a kowane gida, na ce wancan turken wutar shi ne wurin sha. Ban kai ga turken ba wani ɗan shekara tara ya bangaje ni na zube a gaban surukai. Har yanzu Yaya idan ta kira sai ta tambayi lafiyar ƙugu. Bayan magariba 'yan mata suka yi da'ira, wata dattijuwa 'yar Katsina da ta zo suna ta ba su waƙar gaɗa, suna amshi suna tafi, ƙawayensu suna cusa musu wasansu na tafi da tsalle, ten-ten, a tsakiya.

A daren na kasa barci, ina tuna lungunmu na cikin birni. Ba wanda ya zauna ya tsara shi don yara, amma mota ba ta iya shigarsa, jaki da kura kawai, kuma kowane 'yan gidaje akwai ɗan fili inda lunguna suka haɗu. Nan ne dandali. Nan muka yi langa da ɓuya da a-sha-ruwan-tsuntsaye, nan muka tura gare, tsofaffi suna kan dakali suna kallonmu, wanda ya yi ba daidai ba kowa ya isa ya ja masa kunne. Ba zan yi wa Legas gori ba, don filin da na yi wasa a kansa yanzu shaguna ne, lungun kuma babura sun gano shi.

Litinin na fita gari ni kaɗai. Na tsallaka tsibirin Legas, na leƙa Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulki da ke titin Broad wanda aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, sannan na hau sabon jirgin nan mai wutar lantarki daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Wani abokin karatuna yana canji a Festac, shi na je gani. Unguwar an gina ta ne don baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, kuma duk da ta tsufa, ƙashin tsarinta yana nan. Manyan tituna suna zagaye, matsakaita masu lamba suna fita daga cikinsu, daga su kuma sai ƙananan layuka masu harafi, A da B da C, waɗanda ba sa ɓullewa. Ka shiga, ka tarar da ƙarshe, ka juyo. Wanda ba gidansa ne a ciki ba, ba abin da zai kai shi. A ɗaya daga cikinsu na tsaya na kalli yara uku suna koyon keke a tsakiyar hanya, wata uwa tana leƙensu daga bene tana tsefe kai. Mota ɗaya ta shigo a tsawon zamana, a hankali, direban ya kira ɗaya daga yaran da sunansa. Abokina ya ce kada in ruɗu, filaye da yawa da aka bari fili tun farko an cinye su da gini, layukan kuma sun zama garejin dare. Na yarda. Amma abin da na gani ya isa: layin da ba ya ɓullewa lungu ne da aka yi wa kwalta.

Daren Talata na kwance wa Alhaji jakata a teburin mai shayi. Na ba shi labarin Holan, inda a 1971 mota ta kashe mutum kusan 3,300, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kisan yara, har aka fara tsara layukan unguwa inda mota ba ta wuce saurin mai tafiya a ƙasa. Na ce a Bogota ta Kolombiya tun 1974 ake rufe manyan tituna ranar Lahadi don masu keke da masu yawo, Kigali ma a nan Afirka tana yin irin nata. Alhaji ya bari na gama, ya kurɓi shayinsa.

"Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zo kwana shida kana so ka rufe mana hanyar abinci."

Ya ce motar da ke kawo wa masu shago kaya ta ina za ta bi? Ya ce yaran nan 'yan acaɓa da nake jin haushi, tun da aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da tsibiri a 2022 suka tattaro zuwa inda aka bar su, kuma kowannensu akwai bakin da ke jiran sa a Arewa. Sannan ya kawo wadda ta fi nauyi: a garin da ake satar yara, wa zai saki ɗansa a waje? Ban raina maganarsa ba, don ba a littafi ya karanto ta ba. Na ce masa dai mai satar yaro layin da ba kowa yake so. Inda mai shayi da mai faci da mai wanki da guga da tsofaffi uku suka san kowane yaro da sunan ubansa, baƙuwar fuska ba ta ɓuya. Na ce kuma ba rufe hanyar abinci nake nufi ba, awa biyu ce tsakanin la'asar da magariba, a ƙaramin layi ɗaya. Kun rufe don salla, kun rufe don suna, maƙwabtanku suna rufewa don bikin binne tsoho, kasuwar raguna tana cin rabin titi kafin Babbar Salla, ba wanda ya mutu da yunwa.

Sai na nuna masa get ɗin ƙarfen da ke bakin layin. Kusan kowane layi a Legas yana da irinsa, mazauna ne ke haɗa kuɗi su kafa, su ɗauki maigadi, mafi yawa ma ɗan Arewa. Ƙa'idar gwamnati ita ce ya kasance a buɗe daga biyar na asuba zuwa sha biyun dare. Wato ana rufe shi lokacin da yara ke barci, saboda ɓarawon janareta, a wangale shi lokacin da suke farke. Alhaji ya yi dariya ya ce wannan kuma sai ka je Alausa ka gaya musu. Ya biya kuɗin shayin.

Baba mai gida ne ya ba ni dama. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekaru a Zariya, Hausarsa har da karin magana. Akwai wani ɗan tsukin hanya a bayan gidan da ke haɗa layinsu da na gaba, bai fi taku arba'in ba, masu keke da babur ke yanke ta nan. Ranar Laraba bayan la'asar ya sa aka fito masa da kujerarsa ya zauna a bakinsa, ni na aro tsofaffin taya biyu a wajen mai faci, muka ƙara da bencin mai shayi a ɗaya bakin, muka bar ɗan wurin da mutum zai tura babur da hannu. Ba mu yi shela ba. Kafin in gama karkaɗe hannuna an kafa raga. 'Yan acaɓa biyu suka zo, suka ga tsoho a zaune, suka gaishe shi suka zagaya. Na uku ya yi ƙunƙuni, ya sauka ya tura. Wata mai awara ta dawo da kaskonta kusa, ta samu kasuwa. Uwaye biyu suka fito da kujeru 'yan tsugune, ɗaya tana tsinke alayyahu.

An yi kamar minti arba'in haka, sai ga wani maƙwabci da motarsa, gidansa a cikin tsukin yake. Ya danna oda ya riƙe, ya sauke gilashi yana faɗa da Yarabanci, na tsinci kalmar gwamnati da kalmar titi. Baba bai tashi ba. Ya amsa masa da murya ƙasa-ƙasa, suka yi 'yar musayar da ban fahimta ba, sannan ya ɗaga hannu. Yara huɗu suka ɗauke bencin, sauran suka manne da bango yadda suka saba yi wa tukunyar ruwan zafi, motar ta shige a hankali kamar mai bin gawa. Ina jiran in ga an watse. Ba wanda ya ce musu komai, yaran nan huɗu suka mayar da bencin inda yake, mai tsaron raga ya gyara silifas ɗinsa, aka ci gaba daga bugun gefe. Sai da aka kira magariba mai shayi ya zo karɓar bencinsa, yana mitar an sa masa ƙura.

Da zan tafi ranar Alhamis da sassafe, Baba ya ce zai kai maganar taron masu gidaje na ƙarshen wata, amma kada in sa rai, don rabinsu masu mota ne. Alhaji ya ba ni burodin Agege guda uku da goro, ya ce in gaida mutanen Holan. Auta ta rako ni har bakin get, tana riƙe da ledar burodin, tana jan rigata idan babur ya taho. Mun bi ta bakin tsukin, zanen jiya yana nan dishi-dishi, sawun taya ya ratsa gida na uku da na huɗu. Ta tsaya ta dube shi.

"Kawu, idan wani zai taho daga Kano ka ba shi allin makarantarku ya kawo mini. Gawayi ba ya fitowa sosai a kan kwalta."

Na ce fari ko mai kala? Ta ce duk wanda ruwa ba ya wankewa da wuri. Angon ƙarni ya tsayar da keke, na karɓi ledata, ita kuma ta tsaya a gefen kwata tana duba hagu da dama kafin ta juya gida.